Ka Ba Shi Iska

Yaya,

Wai hannunka ne ya karye, ko biro ne ya yi tsada a inda kake? Ko ilimin ne ya yi maka nauyi har ba ka iya ɗaga takarda? Kullum direban motar da take zuwa garin jami’arku ya tsaya a ƙofar gida sai Inna ta fito da takalmi wari ɗaya tana tambayar ko akwai saƙo, shi kuma ya sosa ƙeya ya ja motarsa.

To, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da take tashi in an yi sanyi.

Na fara aikin da ka roƙa mini a ɗakin gwaje-gwajen tsohuwar makarantarku. Na gode, kada gobe ka ce ban faɗa ba. Aikin dai wanke kwalabe ne, da shara, da kunna wa yara wuta kafin su shigo. Ɗakin yana nan yadda ka bar shi. Dogayen teburan nan masu famfon gas a tsakiya, manyan tagogi ta gabas babu labule, da kabad ɗin da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda. Har sunanka na gani an ƙarce a ƙasan teburin baya. Ashe kai ma ka taɓa rashin ji.

Kuka biyu na kawo maka. Na farko, rishon gas ɗin nan da yara suke dafa magunguna a kai, mai kamar guntun bututu a tsaye da tiyo a gindinsa. Yaya, wannan ai abin kunya ne. Wutarsa rawaya, tana rangaji kamar ta kyandir, kowace kwalba aka ɗora sai ta sauko baƙi ƙirin da kunkunniya. Ni nake kankarewa har farcena ya ƙare. Ka tuna abin da Baba yake faɗa a teburinsa na gyaran risho? Wuta rawaya wutar raggo ce, risho mai lafiya shuɗi yake ci. Na sami wani tsohon littafi a kabad, gara ta cinye rabinsa, na yi ta haɗa baƙi har na gane cewa zoben ƙarfen da yake gindin bututun murɗa shi ake yi, rami ya buɗe, iska ta shiga ta gauraya da gas. Na duba, ashe duk zobban sun yi tsatsa a rufe.

Na biyu, tsohon malaminka, wanda yara suke kira Malam Tabarau. Na ce masa, “Malam, zobban nan sun cije, in gyara?” Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, “Wanki aka ɗauke ka ko gyara? Kada ka taɓa.” Na ce a littafi na gani. Ya ce, “Au, ashe kana karatu? A wane aji ka tsaya?” A gaban yara fa. Suka kwashe da dariya. Tun ranar sunana ya koma Farfesan Tsintsiya. Kai ka san ajin da na tsaya, ka kuma san don wa na bar shi na hau teburin Baba bayan rasuwarsa. Saura kaɗan in gaya masa, na tuna kai ka kawo ni, na haɗiye.

Ka faɗa mini yadda zan yi da shi. Baƙinsa ya ishe ni.

Ƙanenka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai dai jarrabawar ƙarshe ta sa mu a gaba, ko barcin kirki ba na samu. Ka gai da Inna, ka ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Bakinka dai har yanzu babu linzami. Mutum yana fama da karatu kana cewa hannunsa ya karye.

Wanda kake kuka da shi na san shi sarai, shekara nawa na yi ina fama da shi a ɗakin nan. Tsufa ne ya sa ya ƙage wuri ɗaya. Ka ba shi iska kawai, za ka ga baƙin ya ragu.

Ka riƙe aikinka da kyau. Shugabar makarantar ta yi mini alkawarin gurbin koyarwa in na gama, kada ka sa in ji kunya a idonta. Direba yana jira, sai wani jiƙon.

Yayanka

*

Yaya,

Gaisuwa irin ta wanda ya huce. Muna lafiya. Inna ta sa na karanta mata takardarka har sau biyu, ta ce gajeriya ce kamar wutsiyar akuya amma ta gode.

Na ba shi iska! Wallahi kai malami ne, na janye maganar biro.

Na aro man keken ɗinki wurin Tela maƙwabcinmu. ’Yarsa ce ma ta kawo mini har ɗakin gwajin, wannan da ka sani tun tana rarrafe a ƙofar shago, yanzu tana ajin ƙarshe, kuma ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba ranar da aka naɗa ni Farfesa. Ta ce, “Yaya Auta, Baba ya ce kada ka shanye masa.” Na ce ta gaya masa na ƙoshi.

Bayan an tashi na kwashi rishunan na shiga ɗakin ajiya, wanda ba shi da taga, don kada wani ya gan ni. Na ɗiga mai, na bari ya jiƙa, na ƙwanƙwasa a hankali yadda Baba yake yi wa murfin da ya cije. Zoben farko ya yi ƙara ya juya. Na rufe shi, na ƙyasta ashana tukuna, sannan na buɗe famfo, kamar yadda littafin ya ce. Wutar raggon nan ta tashi tana rangaji. Sai na fara murɗawa kaɗan-kaɗan.

Yaya, me ya sa ba ka taɓa ba ni labarin wannan ba? Rawayar ta tsuke, ta gajarce, ta ɓace. Wuta ta miƙe tsaye cak, shuɗiya, tana wani gurnani a hankali kamar kyanwa. Kuma ashe biyu ce, wata cikin wata. Akwai ƙaramar shuɗiya mai tsini a ciki, da babba mai haske-haske da ta lulluɓe ta. Na sa siririyar wayar ƙarfe a tsinin ƙaramar, nan take ta yi ja. Na saukar da ita can cikin tsakiyar, kusa da bakin bututu, sai ta ƙi yin ja. Wato cikin cikinta gas ne da bai kama ba tukuna, zafin yana bisa kanta. Na ɗora kwalbar ruwa, kafin in gyara tsayuwa ya tafasa, gindin kwalba fes kamar ba ta ga wuta ba. Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai. Da Baba yana raye da ya ce in kawo ya gani.

Duk na gyara su. Mako mai zuwa ’yan ajin ƙarshe suna da gwaji da safe. Zan kunna musu shuɗiya kafin su shigo, in koma gefe da tsintsiyata in ga yadda tabarau zai zamo daga hanci.

In akwai abin da na manta ka gaya mini, don shafin da yake biye gara ta riga ni. Direba zai je ya dawo kafin ranar.

Ƙanenka,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa. Jikina lafiya. Inna ba ta cin abinci sosai. Direba ya dawo hannu rabbana, babu amsarka, na ce jarrabawa ce.

An yi gwajin. ’Yar Tela tana asibiti.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani. Da safe na kunna su duka, na murɗa zobba, na shiga ɗakin ajiya ɗauko kwalabe. Rana ta fito sosai, ta shigo ta tagogin nan ta kwanta a kan tebura. Yara suka riga Malam shigowa, da hayaniyarsu da jan kujeru, gurnanin wutar ya nutse a ciki. Ina daga ciki na ji muryarta tana cewa, “Yau Farfesa ya makara, bai kunna mana ba.” Da wasa ta faɗa, don a bakinta sunan ba zagi ba ne. Ta miƙa hannu ta saman rishon za ta ɗauko ashana a bayan tebur.

Yaya, ba a ganinta. A cikin rana shuɗiyar wuta ba a ganinta ko kaɗan. Ni a duhun ɗakin ajiya na san ta, da ƙarƙashin tukunya a teburin Baba. Ban taɓa ganinta a gaban taga ba. Hannun rigarta ya kama, yadin kuwa irin mai narkewa ne. Malam ne ya shigo a guje ya tuɓe kwat ɗinsa ya naɗe mata hannu, ya ja ta bakin famfon ruwa ya riƙe ta a nan tana ihu, yana ce wa sauran kowa ya ja baya a rufe gas. Ni na rufe. Abin da na iya ke nan.

Bayan an tafi da ita ya juyo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kana tsammanin ban san zobe ba? Yara cike da ɗaki, tagogi babu labule, ni ɗaya. Da gangan na bar su suka yi tsatsa. Gara kwalba ta yi baƙi.” Na ce, “To me ya hana ka gaya mini?” Ya ce, “Na ce kada ka taɓa.”

Hannun dama ne, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, har da yatsu biyu. Jarrabawarsu ta matso, kuma ita take yi wa ubanta aikin maɓalli. Na gai da Tela jiya, ya ci gaba da taka kekensa kamar bango ne ya yi magana. Kwalbar mansa tana aljihuna, na rasa fuskar mayarwa.

An dakatar da ni. Abin da ya fi ci mini rai, ana yawo da maganar wai da gayya na yi, don in rama dariyar da yara suka yi mini. Shugaba ta tambaye ni wa ya sa ni. Na ce yayana, wanda ya yi karatu a ɗakin nan, yanzu yake karanta kimiyya a jami’a, shi ya ce in ba shi iska. Na nuna mata layin. Ta ce za ta tuntuɓe ka, kuma za a tara iyayen yara a yanke magana.

Hannuna ne ya murɗa zoben, ba cewa nake ka ɗauke mini ba. Layi biyu nake so ka rubuta mata, cewa na tambaye ka kafin in taɓa, cewa gyara na nufa. Kora zan iya ɗauka. Amma ba zan iya zama a layinmu a matsayin wanda ya ƙona ’yar maƙwabci don fushi ba.

Ka yi sauri.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa da jaje. Ina lafiya, na gama jarrabawa. Allah ya ba yarinyar lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka yi mini yawa.

Na yi mamakin abin da ka je ka faɗa. Ni Malam nake nufi. Ka kawo ƙarar mutum ya yi maka wulaƙanci, na ce ka ba shi iska, wato ka ƙyale shi, ka fita harkarsa, baƙin halinsa zai ragu. Wace Hausa ce wannan da ba ka ji ba? Wane mai hankali ne zai ce wa mai shara ya je ya kwance kayan gas? Matsalarka ke nan tun kana ƙarami, ka tsinci rabin shafi ka ɗauka ka sauke littafi.

Takardarka ta maganar man keke kuwa, gaskiya ba ta zo idona a kan lokaci ba.

Ka fahimci matsayina. Malam ya kusa ajiye aiki, gurbinsa aka yi mini alkawari, kuma sai ya sa baki. In na rubuta cewa ni na sa ka, na rasa, kai ma ba ka samu ba, Inna ta tashi a tutar babu. Ka yi shiru, ka ba da haƙuri, ƙura za ta lafa. In na kama aiki zan nema maka wani abu a wani wuri, inda ba a san zancen ba.

Ka yaga waccan takardar, ba ta da amfani. Ka gai da Inna.

Yayanka

*

Yaya,

Ina gaishe ka, don Inna tana zaune tana kallona kuma ta ce in fara da gaisuwa. Lafiyarta da sauƙi. ’Yar Tela ta dawo gida, yatsun biyu ba sa lanƙwasuwa tukuna, tana koyon riƙe biro da hagu. Tunda ba ka tambaya ba na ce bari in gaya maka.

Malam kake nufi? To, madalla. Na zauna da layin nan naka na juya shi gaba da baya kamar yadda nake juya lagwani, kuma na yarda, yana hawa Malam yana hawa risho. Ka iya rubutu, ba a banza aka bar ka a makaranta ba. Ka ɗinka riga ɗaya mai shiga mutum biyu, yanzu da ta kama wuta ka ce ba wa wannan ka ɗinka ba. Zan ma iya yi maka uzuri a nan. Direba yana jira, kana sauri, ka ga kuka biyu ka amsa ɗaya.

Amma takardata ta biyu fa? Wadda na ce maka na buɗe zobba, na faɗa maka ranar, na faɗa maka da safe ne, na roƙe ka in akwai abin da na manta? Ka ce ba ta zo idonka a kan lokaci ba. Wannan ma wata rigar ce mai shiga mutum biyu. Na tambayi direba. Ya ce a hannunka ya sa ta, a ƙofar ɗakin kwananku, kana riƙe da kofin shayi, har ka ce masa, “Auta da surutu.” Ya ce da ya zo komawa ya sake biyowa ko akwai amsa, ka ce babu. Kai ka zauna a ɗakin nan shekara da shekaru. Ka san tagogin, ka san inda rana take faɗawa da safe, ka san abin da yake shafin da gara ta cinye. Kalma uku sun isa: kada ka kunna. To ko dai ka karanta ka yi shiru, ko kuwa takardar ƙanenka ba ta kai ka buɗe ta ba. Zaɓi ɗaya. Ni na rasa wadda ta fi ciwo.

Duk wannan ma da na haɗiye, kamar yadda na saba. Sai maigadin makaranta ya tare ni a hanya ya ce, “Ashe Yayanka ya zo, ya yi ƙiba abinsa.” Na ce wane yayan? Ya ce kai, makon jiya, da jaka a kafaɗa, ka shiga ofishin Shugaba tare da Malam, ka fito ka hau mota. Yaya, daga ƙofar makaranta ana hango rufin gidanmu. Inna tana ciki tana gasa gwiwa da ruwan ɗumi kamar yadda likitanmu na jami’a ya rubuto. Ban gaya mata ba. Jiya ta ji a bakin matar maigadi. Ta dai tambaye ni ko rigar da ka sa mai kauri ce, don an yi sanyi ranar.

Kuma na ji abin da ka faɗa a ciki, don Shugaba da kanta ta maimaita mini. Wai ba ka taɓa yin maganar risho da ni ba. Wai ba ka san ina taɓa kayan ɗakin ba. Wai tun ina yaro ni mai riƙo ne, in aka taɓa ni sai na rama. Mai riƙo! Ni da na riƙe maka teburin Baba, hannuna yana warin kananzir, kana wucewa da farar riga kana ce wa abokanka yaron shagonmu ne. Ka ɗauka ban ji ba? Na ji, ban rama ba. Su can suna neman wanda zai ce da gayya na yi, sun rasa, ko Malam da ya raina ni bai faɗa ba, cewa ya yi taurin kai ne da rashin sani. Sai ɗan’uwana, ciki ɗaya, ya hau mota ya zo ya ba su kalmar, ya koma bai sha ruwan gidansu ba.

Yanzu na ji Hausar. Ba Malam ba ne, ba risho ba ne. Ni aka ba iska. To ka karanta kimiyya, ka san abin da wuta take yi in an ba ta.

Ka ce in yaga takarda. Ban yaga ba. Ka ce za ka nema mini wani wuri inda ba a san zancen ba. Ba na so. A nan Tela yake, a nan ’yarsa take, a gabansu nake so in iya ɗaga kai. Na mayar masa da man kekensa. Ya karɓa bai dube ni ba, amma ita ta leƙo ta labule ta ce, “Yaya Auta, wai da gaske don mun yi dariya ne?” Ita da ba ta yi ba. Wannan tambayar ba ni kaɗai zan amsa ta ba.

An sa taron iyaye ranar Asabar ta sama, a babban zauren makaranta. Ni zan tashi in faɗi nawa, cewa an ce kada in taɓa na taɓa, cewa na san wutar a duhu ban san ta a rana ba. Na roƙi Shugaba a kawo risho ɗaya a ajiye a bakin taga a kunna, kowa ya ga abin da yarinyar ba ta gani ba, kuma ta yarda. Inna ta ce za ta je ko da rarrafe ne.

Kai ma ka zo. Kada ka aiko takarda, na gaji da rigunanka. Ka tsaya a gaban Tela, da Malam, da Shugabar da za ta ba ka ɗakin nan da yaran mutane, da matar da ta haife mu. Zan miƙa maka layinka ka karanta da bakinka, ka faɗa musu wane ne “shi”. Sannan direba zai miƙe tsaye, don ya ce zai zo, ka dube shi ka faɗa wa zauren abin da ka yi da takarda ta biyu. Sannan ka juya wajen yarinyar nan ka gaya mata ko ƙanenka mai riƙo ne.

In ba ka zo ba, zan ajiye kujera a gaba in ɗora takardarka a kai, in yi mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, in jira.

Auta